An ce sunana ya fito a BIC, banki ya hana ni bashin kaka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a nan Maradi. Ina sayen wake da aya a kasuwannin Agye da Cadawa lokacin kaka, in zuba a mangaza, in sayar idan kaya sun yi daraja. Bana na kai dosiye banki ina neman miliyan 3. Bayan sati uku ma'aikacin da ke kula da bashi ya ce ba za ta yiwu ba, wai sunana ya fito a BIC. Ni ban san BIC ba, ban taɓa taka ƙofarsu ba. Abin da na sani, shekara uku baya na ci bashin jika 600 a wani ƙaramin gidan lamuni, na biya duka, ko da yake na yi jinkiri da damina. Sai kuma ƙanena da na sa wa hannu ya ɗauki babur na kabu-kabu, daga baya ya sayar da shi ya tafi haƙar zinariya, ban san ko ya gama biya ba. Wani ya ce in ba shi jika 150, yana da mutum a Yamai da zai goge sunana. Wani kuma ya ce in sake kai dosiye da sunan uwargida. Me zan yi? Kuma da gaske ne wanda ya shiga ba ya fita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a kasuwa.

Mu fara da na gaggawa, kafin kuɗi su bar aljihunka. Kada ka ba mutumin nan ko dala. Babu wani littafi a Yamai da ake buɗewa a soke suna da biro. Bayanin da ke kanka, gidan da ya ba da bashin ne ke aika shi ta kwamfuta, kuma yana sake aikawa kowane wata. Ko da an sami wani marar tsoron Allah da zai taɓa shi yau, watan gobe sabon aike zai zo ya maido shi yadda yake, jika 150 ɗinka kuwa sun tafi. Masu wannan sana'a dabararsu ɗaya ce: su karɓa su ce ka jira wata biyu, in wani banki ya ba ka su ce aikinsu ne, in bai ba ka ba su kashe waya.

Maganar sa sunan uwargida ita ma ka ajiye ta. A takarda ita ce za ta zama mai cin bashin, duk abin da ya faru da wake a mangaza sunanta zai ɓaci. Banki zai tambayi sana'arta da shige da ficen kuɗi a asusunta, kuma sau da yawa zai ce mai gida ya tsaya mata, a sake duba sunanka, a dawo inda aka baro. In kuma aka gane dosiyen ƙarya ce, ka rufe wa kanka ƙofar wannan banki da hannunka.

To mene ne BIC ɗin? Taƙaitawa ce ta Bureau d'Information sur le Crédit, wato ofishin tattara bayanan bashi. Ministocin kuɗi na ƙasashen UMOA, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, su ne suka amince da tsarin dokarsa a 2013, Nijar ta mai da shi dokar ƙasa a ƙarshen 2014, aiki ya fara a 2016. Kamfani mai zaman kansa ne ke riƙe da shi da lasisin babban banki BCEAO: Creditinfo West Africa, wanda da can ake kira Creditinfo VoLo, cibiyarsa tana Abijan. Ya haɗa ƙasashe takwas masu amfani da sefa ɗaya, Nijar da Benin da Burkina Faso da Kwaddibuwa da Gine Bisau da Mali da Senegal da Togo, don haka bashin da mutum ya ci a Kwatano ana iya ganinsa a Maradi. Ficewar Nijar daga CEDEAO ba ta taɓa wannan ba, domin tsarin na masu sefa ne.

Ka ce ba ka taɓa taka ƙofarsu ba. Haka ne, amma ka tuna ranar da aka miƙo maka tarin takardu, an sa 'yar alama da fensir a duk inda za ka sa hannu? A cikinsu akwai takardar yarda, wadda ke ba gidan izinin aika bayaninka da kuma dubawa. Bankuna da manyan gidajen lamuni wajibi ne a kansu su aika, kuma su duba kafin su ba da bashi.

Kalmar "sunanka ya fito" ce ta tsorata ka, kuma ma'aikacin bai kyauta ba da ya tsaya nan. Duk wanda ya ci bashi a gidan da ke aika bayani sunansa yana ciki, mai biya kan lokaci da mai taurin bashi, ana rubuta alherin kamar yadda ake rubuta jinkirin. Abin tambaya shi ne me aka rubuta a ƙarƙashin sunan. Kayan da aka saya maka ta hanyar murabaha a bankin Musulunci kana biya kashi-kashi, su ma suna shiga. Kuɗin wuta da ruwa da waya na masu biya bayan an kawo takarda suna iya shiga, domin a Nijar an fara karɓar bayanan irin waɗannan kamfanoni; mai mitar kati ba shi da wannan damuwa. Kuɗin ajiyarka kuwa ba sa ciki: doka ta hana BIC tattara abin da ke asusun ajiyar mutum, ta hana shi rubuta addini ko ƙabila ko jam'iyya ko lafiyar jiki. Masu tsoron cewa wata hanya ce ta masu lanho su san abin da suka tara, su kwantar da hankali. Abin da ya fi ba 'yan kasuwa haushi shi ne wannan: kayan da uban gidanka na Kano ke ba ka kan amana shekara ashirin, adashin da ba ka taɓa fashi ba, kuɗin da mata ke juyawa tsakaninsu a ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da suka samo asali a nan jihar Maradi tun 1991, duk BIC bai san da su ba. Mutumin da kasuwa gaba ɗaya ta shaida, kwamfuta tana iya saninsa da abu biyu kawai, kuma a ce duka biyun masu tabo ne. Da alama halin da kake ciki ke nan.

Abu na farko, ka ga takardar da idonka. Sunanta rapport de crédit. Ka koma bankin da ya hana ka, ka nemi ganin ma'aikacin ko shugaban reshe, ka ce a ba ka kwafin rahoton da aka dogara da shi. Haƙƙinka ne: doka ta ce idan an ƙi ba mutum bashi saboda abin da ke cikin rahoton BIC, dole a sanar da shi kuma a ba shi kwafi. In aka fara yi maka je ka dawo, ka sa a rubuta maka 'yar wasiƙa ta layi huɗu, ka kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata ka riƙe. Bayan wannan kana da damar karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara daga BIC kansa, da buƙata a rubuce da kwafin katin ɗan ƙasa. Suna da wakilci a Yamai, bankinka kuma zai ba ka adireshi da takardar cikawa. Duba rahoton kanka ba ya rage maka komai.

Da Faransanci yake zuwa. In karatun zai yi maka wuya, ka zauna da wanda ka yarda da shi, ɗanka ko mai riƙe maka lissafi, ba ɗan bakin banki ba, domin sirrinka ne a ciki.

Ka fara da shafin farko, wurin suna, kada ka tsallake shi don ɗokin ganin lambobi. A ƙasarmu nan ne kuskure ya fi yawa. Mutum ɗaya a katinsa Mahamane, a banki Mamane, a gidan lamuni Maman. Issoufou da Youssouf, Abdou da Abdoulaye, Laouali da Lawali. Ga kuma dubban mutane da takardar haihuwarsu ta alƙali ce, an rubuta "né vers 1978", kwamfuta ta mai da su duka 01/01/1978. Ka ƙirga masu suna irin naka da sunan uba irin na mahaifinka da aka haifa a wannan rana ta bogi tsakanin Tibiri da Tasawa, za ka gane yadda bashin wani ke iya faɗowa kan wani. Don haka ka gwada suna, ranar haihuwa, wurin haihuwa, lambar kati da lambar waya, harafi da harafi. In ka sabunta kati tun bayan bashin farko, ka duba ko tsohuwar lamba ce ke ciki.

Daga nan sai jerin basussuka, buɗaɗɗu da rufaffu. A kowane ɗaya ka nemi abu biyar: ranar da aka ba da shi, yawan kuɗin, abin da ya rage, abin da lokacinsa ya wuce ba a biya ba, da matsayinka a ciki, ko kai ne mai cin bashin ko tsayawa ka yi wa wani, wanda suke rubutawa garant ko caution. A ƙasa akwai jadawali wata-wata da ke nuna kwana nawa aka makara. Can ƙarshe akwai jerin gidajen da suka nemi rahotonka da ranakun. In ka ga gidan da ba ka taɓa neman komai a wurinsa ba, wannan ma abin ƙorafi ne, domin ba a duba mutum ba da yardarsa ba.

Yanzu bashin jika 600. Ka ce ka biya duka, mun yarda da kai, amma akwai hanyoyi da yawa da bashin da aka biya ke zama a buɗe a kwamfuta. Mu ɗauka kashinka jika 66 ne duk ranar 5 ga wata. A watan Agusta kasuwa ta yi sanyi, ka kai jika 60, ka ce sauran sai wani zuwa, ka manta. A yawancin gidaje duk kuɗin da ka kawo ana fara toshe tsohon rami da shi. Wato a Satumba da ka kai 66 cif, an cire 6 an cike Agusta, Satumba ta zama 60. Haka zai yi ta bin ka har ƙarshe: kai kana ganin sau ɗaya ka gaza, jadawali yana nuna ka makara wata bayan wata. Ga tarar jinkiri da ke hawa a gefe. Ranar da ka kai kashi na ƙarshe ka yi hamdala ka tafi, wataƙila jika 8 ko 10 na tara sun rage, ba wanda ya kira ka. Shekara uku ke nan wannan ɗan guntu yana tsufa, kuma kwamfuta ba ta raina ƙaramin kuɗi. Bashin da ya haura kwana 90 ba a biya ba ana fitar da shi daga sahun masu lafiya, a sa shi cikin waɗanda ake shakkar dawowarsu, ko jika 8 ne ko miliyan 8.

Wata hanyar ita ce ɗan karɓa da ke zagaya kasuwa da jaka. Ka ba shi kuɗi a rumfa, ya ce resi ya ƙare gobe zai kawo, kuɗin ba su isa gishe ba ko sun isa bayan sati biyu. Ta uku, ka biya komai amma ma'aikaci bai rufe dosiyen a kwamfuta ba. Akwai ma ta huɗu da ba ta shafi bashi kai tsaye ba: tsohon asusun kasuwanci da ka daina amfani da shi ba ka rufe ba, kuɗin kula da asusu suna ta cinsa har ya koma ƙasa da sifiri, banki ya lissafa shi a matsayin abin da yake bin ka. Rufe asusu kyauta ne tun Oktoban 2014, yana cikin ayyukan da BCEAO ta hana a karɓi kuɗi a kansu, don haka asusun da ba ka buƙata ka je ka rufe shi a rubuce.

Maganin duka ɗaya ne. Ka tono resi-resinka da ɗan littafin biya, ka je gidan lamunin, ka nemi a buga maka tarihin bashin daga farko zuwa ƙarshe. In akwai saura na gaskiya, ka biya a gishe ka karɓi resi mai hatimi. Sa'an nan ka nemi takardar shaidar cewa ba sa bin ka komai, attestation de solde ko attestation de non-engagement, ka ce kuma su gyara a aiken wata mai zuwa. Kada ka fita ba tare da wannan takarda ba, ita ce za ka ɗora a kan sabon dosiye tun kafin kwamfuta ta gyaru.

In abin da aka rubuta ƙarya ne, bashin wani ne ko an biya an ƙi rufewa, sai ka shigar da ƙorafi a rubuce zuwa BIC, kai tsaye ko ta hannun bankinka. Ka faɗi layin da kake musu a kai, ka faɗi dalili a taƙaice, ka haɗa kwafin kati da kwafin shaidu. Kwafi, Alhaji, na asali su zauna a akwatinka. BIC ba ya gyarawa da ra'ayin kansa, yana mai da maganar ga gidan da ya aiko bayanin ya tabbatar ko ya gyara cikin wa'adin da aka ƙayyade, don haka bin sawu a gidan lamunin nan cikin gari ya fi saurin kawo sakamako. In wata guda ya wuce shiru, ko amsar ba ta gamsar da kai ba, ka kai kuka BCEAO, suna da reshe a nan Maradi. Ƙananan gidajen lamuni kuma akwai hukumar ARSM da ke sa musu ido.

In kuwa jinkirin gaskiya ne kuma ka riga ka biya, babu mai goge shi, kuma bai kamata a goge ba. Amma ba na har abada ba ne. Doka ba ta bar BIC ya riƙa nuna bayanin da ya wuce shekara 5 ba, kuma tun kafin nan nauyinsa yana raguwa: jinkirin kwana 20 na shekara uku baya ba ɗaya yake da na watan jiya ba a idon mai ba da bashi. Wanda ba ya tsufa shi ne bashin da har yanzu ba a biya ba, tunda kowane wata ana sake aiko shi sabo. Wannan ce amsar tambayarka ta ƙarshe.

Zatonmu dai babur ɗin ƙanenka ne ya kayar da dosiyen. Mutane da yawa suna ɗaukar sa hannun nan kamar shaidar cewa "na san shi, yaron kirki ne". A dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai-ɗaya ta ƙasashen Afirka da dama, wadda Nijar ke ciki, wanda ya tsaya wa mai bashi ya ɗauki alkawarin biya ne in wancan ya gaza, kuma in takarda ba ta faɗi akasin haka ba, ana iya bin sa kuɗin gaba ɗaya ba sai an fara sayar da kayan mai bashin ba. Ka nemi kwafin takardar da ka sa wa hannu. Dokar ta ce mai tsayawa ya rubuta da hannunsa iyakar kuɗin da ya ɗauka, da haruffa da lambobi. In ba ya iya rubutu, sai da shaidu biyu da za su tabbatar an bayyana masa abin da yake shiga. Ba a bin ka fiye da wannan iyaka. Ta kuma ce sai an fara aika wa mai bashin takardar gargaɗi bai biya ba kafin a juyo kanka, kuma a sanar da kai gazawarsa cikin wata guda bayan gargaɗin. In ba su sanar da kai ba, tarar jinkirin da ta taru tsakanin gazawar da ranar da ka sami labari ba ta hau kanka ba. Wannan makami ne mai kyau a wurin ciniki, ka riƙe shi.

Ka je da kanka, kada ka jira su zo. Ka tambayi uwar kuɗin da ta rage daban, riba daban, tara daban. Gidajen lamuni sukan yafe wani abu daga tara ga wanda ya zo da kuɗi a hannu zai rufe tsohon dosiye, domin su ma ya dame su a lissafi. Duk abin da kuka daidaita a rubuta a sa hannu kafin ka biya. Bayan biya ka karɓi takardar sakin ka daga tsayawar, mainlevée, da resin da ke nuna kai ka biya a madadinsa, domin doka ta ba ka damar bin ƙanenka abin da ka fitar. Ko za ka bi shi ko za ka bar wa zumunci, wannan tsakaninku ne da dattawan gida. Mu dai lissafinmu shi ne: ragowar kuɗin babur ɗaya tana tsare maka miliyan 3 da ribar kaka guda, kuma jika 150 da ka so ba ɗan damfara wataƙila su cinye babban kaso na ragowar.

Saura maki, wanda suke kira score. Lamba ce da kwamfuta ke fitarwa daga abin da ke cikin rahoton, tana ƙiyasta yiwuwar mutum ya gaza biya a watanni masu zuwa ta hanyar gwada shi da dubban masu tarihi irin nasa. In ta yi sama haɗari kaɗan ne, in ta yi ƙasa haɗari da yawa. Ba ta san gidanku ba, ba ta san ka je Makka ba. Abin da ya fi nauyi a irin wannan awo shi ne yadda ka saba biya: sau nawa ka makara, kwana nawa, kuma yaushe. Sai yawan bashin da ke wuyanka yanzu, har da wanda ka tsaya wa wani. Sai tsawon tarihin, da yawan neman da ka yi kwanan nan. Wannan na ƙarshe ka kula da shi yanzu: wanda aka hana a wuri ɗaya yakan zari dosiye ya bi bankuna biyar cikin sati biyu, kowanne ya duba, kowane dubawa ya bar sawu, na shida ya ga mutum kamar wanda ruwa ya ci yana kama duk abin da ya samu. Ka dakata har ka gyara.

Yaranka za su nuna maka bidiyo a waya ana cewa maki 700 ne mai kyau. Wancan na Amurka ne, ma'aunin FICO da ke tafiya daga 300 zuwa 850, inda tarihin biya ke ɗaukar kashi 35 cikin 100, bashin da ke kan mutum 30. Hikimar ɗaya ce, amma lambobin ba namu ba ne. Ka karanta naka da ma'aunin da ke jikin rahotonka. Kuma maki ba shi ke yanke hukunci ba. Banki yana haɗa shi da jingina, da takardun kasuwanci irin su RCCM (rajistar kasuwanci) da NIF (lambar lanho), da yadda kuɗi ke shiga da fita a asusunka. Ɗan kasuwar da ke juya miliyoyi a aljihun riga, asusunsa kuwa sai ya yi wata huɗu ba motsi, ya rage wa kansa hujja ko da rahotonsa fari ne tas. Wanda bai taɓa cin bashi ba ma ba shi da maki mai kyau, ba shi da komai ne a rubuce.

Ka tambayi ma'aikacin ko BIC kaɗai ne, domin mutane suna cakuɗa shi da wasu rajistoci biyu da ke hannun BCEAO kanta. Ɗaya ta masu manyan basussuka ce da bankuna ke bayyanawa. Ɗayar ta shek ɗin da ya dawo babu kuɗi: a karo na farko banki yana aiko gargaɗi da kwana 30 na gyarawa, in ba a gyara ba a hana mutum rubuta shek har shekara 5. In ka taɓa ba wani shek ya dawo, wannan hanyar gyaransa daban ce, ta bankin da ke riƙe da asusun. Tunda kuma 'yan Maradi ƙafa ɗaya tana Jibiya da Katsina, in kana da asusun naira da BVN (lambar shaidar mai asusu a bankunan Najeriya), can ma suna da nasu ofisoshin bayanan bashi, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, ƙarƙashin dokarsu ta 2017. Ba a haɗe suke da namu ba, amma bashin manhajar waya da aka ci da BVN ɗinka yana iya jiran ka can ranar da ka nemi wani abu a bankin Najeriya.

Game da kakar bana, kada mu yi maka daɗin baki: gyaran kwamfuta yakan ɗauki zagayen wata ɗaya ko biyu, wake kuwa ba ya jira. In ka sami takardun shaida biyun nan, ta tsohon bashi da ta babur, ka koma bankin farko da su, ba sabo ba, domin sun riga sun san dosiyenka. Ka nemi a sake dubawa, kuma ka nuna a shirye kake ka karɓi ƙasa da miliyan 3. Ka tambaye su ko suna karɓar kayan da ke mangaza a matsayin jingina, irin tsarin warantaj da ƙungiyoyin manoma suka daɗe suna yi a ƙasar nan, inda ake kulle buhuna da kwaɗo biyu, makulli ɗaya wurin mai kaya ɗaya wurin mai ba da bashi. Ka roƙi a tsara ranakun biya su dace da lokacin da kake sayarwa, kada a ɗora maka kashi mai nauyi a tsakiyar damina kamar wancan karo. In ka ga wata zai zo maka da wuya, ka je tun kafin ranar ta cika a sake tsari a rubuce, domin jinkirin da aka riga aka aika ba ya dawowa. Kuɗin kashi kuma su shiga asusu kwana biyu ko uku kafin ranar, musamman in ta faɗo Asabar ko Lahadi ko ranar sallah.

Rahoton kyauta na shekara kuwa, ka sa shi a watan Yuni ko Yuli, lokacin da manoma ke gona kasuwar hatsi ta lafa. In wani abu ya ɓullo, kana da wata uku na gyara kafin sabon wake ya shigo Cadawa.